Wa Zai Fara Karanta Littafin?



A shekarar 2007 gwamnatin Jihar Kano ta tara littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata, aka cinna musu wuta don kare tarbiyya. Takardu sun ƙone, labarai kuwa ba su mutu ba. Yau sun koma cikin waya, ana tura su ta WhatsApp babi-babi, waɗansunsu ma sun fi na dā batsa nesa ba kusa ba. Babu hukumar da ke shiga ɗakin yarinya da tsakar dare.

Sai dai kada mu yi musu kuɗin goro. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Wa Zai Auri Jahila?, na 1990, labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho ala tilas. Magana ce mai nauyi, amma ba batsa ba ce. 'Yar shekara 10 ba ta isa ba; 'yar shekara 15 kuwa gara ta karanta, muddin akwai babba kusa wanda za ta tambaya.

To, wane babba? Uwar da kunya ta hana ta kiran sunan ɗan fari da wuya ta buɗe wannan zance, kuma iyayenmu da dama ba su karanta boko ba. Watau aikin ya faɗo kanmu, mu yayye. In mun je hutu, mu karɓi abin da ƙanwarmu ke karantawa, mu karance shi tukuna, sa'an nan mu tambaye ta wa ya fi burge ta a ciki, kuma don me.