Maganin rage ƙiba ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya

(Jawabin ɗanmu ma'aikacin lahiya a taron wata na ƙungiya, Yamai)

 

An ce in yi magana bisa wannan tambaya: wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa, Allah ya tashe shi, lokotoro ya ce ya rage jiki, shin yana iya shan maganin rage ƙiba? Amsa ita ce, wani yana taimako, wani kuwa kashewa yake.

Mu fara da mai kashewa, don shi ya hi kusa da mu. Akwai wani magani, sibutramine, mai danne yunwa. Yana ƙara gudun zuciya, yana hawar da tansiyo. Da aka gwada shi ga masu ciwon zuciya, sai aka ga bugun zuciya da shanyewar jiki sun ƙaru, aka janye shi daga Turai da Amurka a 2010. Amma bai ɓace ba. Masu binciken magani suna ta gano shi ɓoye cikin shayi da kahi na rage teɓa, waɗanda aka rubuta wa "ganye ne zalla". Irin su ne ƴan'uwanmu ke kawo mana tsaraba daga kurmi, irin su ne ke bisa kan ƴan talla. Wanda ya zauna Faransa kuma ya san labarin Mediator, da aka riƙa ba mutane don rama har ya lalata musu ƙofofin zuciya, kamin a hana shi a 2009. Alhaji, kwali mai kyau ba shaida ba ne.

Sai na biyu, allura ce, semaglutide, wadda wani kamfanin Danmak ke saidawa da sunan Wegovy. Sau ɗaya ake yin ta a sati. A 2023 aka bayyana sakamakon gwajin da aka yi wa mutum 17,604, masu nauyin jiki, marasa ciwon sukari, waɗanda akasarinsu sun taɓa samun bugun zuciya. An bi su shekara 3 da ɗoriya. Cikin waɗanda ba su samu maganin ba, 8 bisa 100 sun samu bugun zuciya, ko shanyewar jiki, ko sun rasu da ciwon zuciya. Cikin waɗanda suka samu, 6 da rabi. Ku lura, ragi ne, ba warkewa ba. Bisa wannan ne Amurka ta yarda a 2024 a riƙa ba irin waɗannan marasa lahiya.

To, ga wahalarta. Tana sa tashin zuciya, amai da zawo, har wasu su bari. Mai juna biyu ba ta yin ta. In an daina, mahi yawan nauyin da ya zube yana dawowa cikin shekara. Tana son firijo, ga zahinmu, ga yankewar wuta. Tsada kuwa ba a magana. Inda abu ya yi tsada jabu na biye: a 2024 Hukumar Lahiya ta Duniya ta yi kashedi bisa jabunta. Saboda haka kada kowa ya aika wa ɗansa na Turai ya sayo masa ba da ordinansi ba.

Abin da ya hi damuna shi ne wanda zai ga ya zubar da kilo 10 ya ce ya warke, ya aje aspirin da maganin tansiyo da na kitsen jini. Waɗanda aka yi wa gwajin nan ba su bar magungunansu ba, bisa kansu aka ɗora allurar. Taba kuma a bar ta, gishiri da mai a rage, tahiya a ƙasa gwargwadon abin da lokotoro ya yarda.

Duk mai shayin rama a gida, ya zo da kwalinsa taron wata mai zuwa mu karanta tare.