Gajiyar da Hutun Kwana Ɗaya Ba Ya Maganinta: Darasi daga Kamfanonin Fasaha na Sin



Wannan takarda ta tsaya kan magana guda: gajiyar da ke durƙusar da ma'aikata a sababbin kamfanoni masu saurin bunƙasa daga tsarin aiki take fitowa, don haka shugabannin kamfani ne ke da alhakin gyara ta. Ruwa ba ya tsami banza. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta irin wannan gajiya da matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, ta kuma ambaci alamominta uku: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga ran mai yin sa, da raguwar ingancin abin da yake yi.

Kamfanonin fasaha na ƙasar Sin sun nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A can ne tsarin 996 ya yi kaka-gida, wato aiki daga tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako. Awa 72 ke nan, alhali dokar ƙwadagon ƙasar awa 44 ta tanada. A 2019 masu rubuta manhaja suka yi gangamin ƙorafi a shafin GitHub da sunan 996.ICU, ma'ana ƙarshen mai wannan aiki ɗakin masu jinya mai tsanani ne. Jack Ma, wanda ya kafa Alibaba, ya kare tsarin, har ya kira shi alheri ga matasa. A watan Agusta na 2021 kotun ƙolin ƙasar da ma'aikatar ƙwadago suka bayyana cewa ya saɓa wa doka.

Masu kare wannan al'ada suna cewa sabon kamfani tsere yake yi, jarinsa kaɗan ne, in ya yi sanyi abokan gasa su shige shi. Akwai gaskiya a nan, domin aikin gaggawa na mako ɗaya ko biyu ba ya kashe kowa. Matsalar ita ce idan gaggawar ta zama ta kullum. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Shi kansa kamfanin asara yake yi, don gajiyayyen injiniya kuskure yake tarawa, in kuma ya ajiye aiki ya tafi da duk abin da ya sani. Wasu kuma suna cewa ma'aikacin da kansa ya yarda, har an ba shi hannun jari. Amma wanda ya san in ya tashi da wuri za a tsallake shi ranar ƙarin girma, ina zaɓin da ya rage masa?

Saboda haka kamfani mai girma da sauri ya ƙara ma'aikata daidai da ƙaruwar aikinsa, ya ƙayyade lokacin tashi, shugabanni su fara kiyaye shi da kansu. Masu zuba jari kuma su riƙa tambayar yawan waɗanda suka bar aiki kamar yadda suke tambayar riba.