Bayan An Sallame Su Daga Asibiti, Sai Ina?



Kusan dukanmu mun san wani gida mai ɗaki can baya, wanda ba a kai baƙo. A ciki akwai ɗa ko ƙane mai taɓin hankali. An kai shi asibiti, ya sami sauƙi, aka sallame shi. Bayan 'yan watanni kuɗin magani ya ƙare, ko shi da kansa ya ce ya warke ya daina sha, ciwo ya dawo. Uwa ta gaji, sai a ɗauko mari. Sau da yawa ba mugunta ba ce, ƙarfi ne ya ƙare. Irin wannan ciwo kamar hawan jini yake, lallaɓa shi ake yi shekara da shekaru.

Akwai waɗanda suka riga mu gwada wata hanya. A 1989 wata Baturiyar Ingila, Rosalind Colwill, tare da ikilisiyar Methodist, ta kafa Amaudo a Itumbauzo, cikin Jihar Abia ta yanzu. Sunan da Ibo yana nufin ƙauyen salama. Ana ɗauko masu yawo a titi, su zauna wuri ɗaya da ma'aikata, a ba su magani, su yi noma, su koyi sana'a, sannan a nemo danginsu. Waɗanda ba su da wurin komawa kuwa, an yi musu mazauni na dindindin a Ntalakwu.

Ba sai mun gina ƙauye ba. Gida ɗaya ya isa a fara: mutum biyar ko shida, mai kula da ke kwana tare da su, da nas mai zuwa duba magani. Kowa da aikinsa, shara ko kiwon kaji, ran Lahadi kuma su zauna a benci ɗaya da mu. Mu yi addu'a, amma kada wani ya ce a ajiye magani domin nuna bangaskiya. Mun ga inda hakan ya kai.

Abu mai wuya shi ne maƙwabta, da kuɗin magani na wata-wata bayan ɗokin farko ya wuce. Don haka muna roƙon dattawan kowace majami'a su zo taro na gaba da adadin masu wannan bukata, ba tare da sunaye ba, da abin da za su iya warewa daga baiko kowane wata.