Yoyon Gas: Yadda Za Ku Gane Shi Kafin Ya Zama Gobara



A ɗakin shan magani inda nake aiki, na sha wanke ƙunar da tukunyar gas ta jawo. Wata mai ƙosai da aka kawo mana ta ji wari tun da asuba, amma ta ƙyasta ashana don ta ga inda yake fitowa. Ta rayu, sai dai hannayenta ba su koma kamar da ba.

Ku sani, gas ɗin girki ba shi da wari a asalinsa. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi, domin hanci ya yi muku gargaɗi. Kuma ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa, daidai inda yara ke barci, yana jiran tartsatsi.

Ko a Jibiya kuka cika tukunya ko a Maraɗi, gwajin ɗaya ne. Ku kaɗa sabulu a ruwa, ku shafa kumfar a bakin tukunya da kan da ake ɗaura mata, da tiyo har zuwa mahaɗinsa da murhu. Duk inda kumfa ta riƙa kumbura, nan ne yoyon yake. Galibi zoben robar bakin tukunya ne ya mutu, ko tiyo ya tsage, ko ɓera ya ci shi. A sauya shi, kada a ɗaure da leda.

Idan kun ji warin, ku rufe kan tukunya, ku kashe kowace wuta, ku buɗe ƙofa da taga, ku fitar da yara. Kada ku taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa.

Tukunya a tsaye take zama, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Kada ku roƙi mai sayarwa ya cika ta maƙil, domin gas yana kumbura idan ya sha zafi. Kowane dare a rufe ta daga kanta, ba daga murhu kaɗai ba.

In tsautsayi ya auku, ku riƙa kwarara ruwa mai sanyi a kan ƙunar har minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ƙwai ko manja. Ku lulluɓe ta da tsumma mai tsabta, ku garzaya asibiti mafi kusa, ko da a tsallaken iyaka yake.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu da iyalanmu.