HAKKIN HANYA DA AJIYE MOTA A WURIN TSALLAKA TITI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako. 

Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau, wani zai ce aikin 'yan sanda ne da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ba na malamai ba. Watau yadda ake ajiye motoci da A Daidaita Sahu a daidai inda mutane suke tsallaka titi, musamman a ƙofar masallatan Juma'a da makarantun Islamiyya. To, wannan mas'ala ce ta fiƙihu, domin akwai jinin Musulmi a cikinta.

Bari mu fara da yadda ɓarnar take aukuwa. Motar da aka ajiye a bakin wurin tsallakawa katanga ce tsakanin mai tafiya a ƙasa da direban da yake tahowa: wannan ba ya ganin wancan, wancan ba ya ganin wannan. Yaro ɗan shekara bakwai tsawonsa bai wuce mita ɗaya da ɗoriya ba, bas ɗin haya kuwa ta kusa mita biyu. Ba yadda zai yi ya ga ko hanya ta buɗe sai ya leƙo, kuma leƙowar tasa a kan kwalta take. Gudun da doka ta iyakance a cikin gari shi ne kilomita 50 a awa ɗaya, kuma motar da take wannan gudu tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gani, ya gane, ya kai ƙafarsa kan birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce ko fiye. Sa'an nan birkin kansa yana bukatar kusan wasu mita 14 a busasshiyar kwalta, idan taya tana da lafiya, kuma kun san irin tayoyin da suke ƙarƙashin motocinmu. Ashe ke nan idan yaro ya ɓullo daga bayan bas alhali tsakaninsa da mota mita goma ne, za a banke shi tun direba bai taɓa birki ba, ko da kuwa direban nan bai karya dokar gudu ba.

Saboda haka ne ƙasashe suka hana ajiye mota kusa da irin waɗannan wurare. A Ingila ana shata layi mai karkace-karkace kafin wurin tsallakawa da bayansa, ba wanda zai ajiye mota a cikinsa. A Jamus sai an bar mita 5. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar barin ƙafa 20, kimanin mita 6, aka fara cin tara a kanta a 2025. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kimanin ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Amma ban zo in ce ku yi koyi da Turawa ba, domin shari'a ta riga su. A hadisin Abu Sa'idul Khudri (R.A.) wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗi game da zama a kan hanyoyi, da sahabbai suka nuna ba su da makawa sai ya sharɗanta musu su ba hanya hakkinta, kuma cikin hakkin nan ya lissafa kamewa daga cutarwa. Wannan fa ga mai zama ne da jikinsa, ina ga wanda ya girke ƙarfe mai nauyin tan ɗaya ya yi tafiyarsa? Wanda ya fi wannan tsanani shi ne abin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Anas (R.A.), cewa a wani yaƙi mutane sun ƙuntata masauki sun tare hanya, sai Annabi (S.A.W.) ya sa aka yi shela cewa wanda ya aikata haka ba shi da ladan jihadi. Ku duba da kyau. Mutanen nan sun bar gidajensu don ɗaukaka kalmar Allah, amma girman abin da ya fito da su bai zame musu uzuri ba.

Na tsaya a nan ne domin uzurin da aka fi kawowa shi ne na ibada. Mutum ya makara, liman ya hau mumbari, sai ya tsayar da mota a inda ya ga dama ya ruga, yana ganin sauri zuwa ga alheri yake yi. Alhali kuwa umarnin da ya tabbata shi ne a zo wa salla da natsuwa ko da an tayar da iƙama, abin da aka riska a sallata, abin da ya kuɓuce a cika. Kuma wanda ya zo yana ƙetare wuyan mutane ranar Juma'a, Annabi (S.A.W.) ya katse huɗuba ya ce masa ya zauna domin ya cutar. In taɓa kafaɗar mai zaune cutarwa ce, me za a kira tura tsoho da makaho da yaro tsakiyar titi?

Malamanmu na mazhaba ba su bar wannan ba. Imam Malik a cikin Muwaɗɗa, a babin diyya, ya hukunta cewa wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar Musulmi, ko ya ɗaure dabba, ko ya yi makamancin haka a inda bai halatta gare shi ba, to lamunin abin da ya auku yana kansa: abin da bai kai sulusin diyya ba daga dukiyarsa, abin da ya kai kuwa a kan danginsa. Ya keɓe wanda ya sauka daga dabbarsa don wata bukata ya tsayar da ita. Wani zai riƙe wannan togaciya ya ce ai ni minti biyu kawai zan yi. Sai mu ce masa sharaɗin shi ne wurin ya zama inda tsayawa ta halatta, kuma wurin tsallakawa ba ya cikinsu, domin hukuma ta hana kuma cutar a bayyane take. Ba ina cewa diyya ta tashi daga kan direban da ya yi bugun ba ne, domin malamai sun bambanta tsakanin wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi, kuma wannan na alƙali ne. Zunubin sanadi kuwa ba sai an je kotu ba.

Akwai kuma mai cewa ai a unguwarmu ba a shata fararen layukan nan ba. Gaskiya ne, da yawa daga titunanmu ba su da su, inda aka shata ma sun goge, kuma wannan sakaci ne na hukuma da ya kamata a faɗa mata. Amma kowa ya san inda ɗaliban Islamiyya suke tsallakawa in an tashi, ko da fenti ko babu.

Ga abin da nake roƙo a yi a kowane reshe. Kwamitin masallaci da na makaranta su auna taku goma na babban mutum a kowane gefen ƙofa, a hayi biyun titi, a sa duro ko igiya, kada a bar mota ko mai talla a ciki. 'Yan agaji su fito da wuri ranar Juma'a, su tsare wurin har jama'a su watse, domin cunkoson ya fi muni bayan sallama. Liman ya yi sanarwa da kansa, saboda ɗan agaji matashi ba zai iya da Alhajin da ya sayi tabarmin masallaci ba sai an san liman yana bayansa. Kuma motar liman da ta shugaban reshe su za a fara matsar da su. Sakatarori su rubuta wa ƙaramar hukuma da ofishin kiyaye haɗurra mafi kusa a nemi shata layi da kafa allo, a kawo kwafin takardar a zama na gaba.

Allah Ya kiyaye mu da zuriyarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.