JAWABI A KAN ƊAUKO JIRGIN RUWA CIKIN MOTA, WANDA ANKA KARANTA A TARON ƘUNGIYA

Ƴan'uwa da ke bida a Maraɗi da Yamai da Kano da Legas, waɗanda takardar nan za ta iske, muna gaishe ku da aiki, muna gode muku da gudummawa.

Kwamiti ya ɗora mana, mu malaman lakwal, mu bincika yadda za a kawo jirgin ruwan da ƙungiya ta yanke shawarar saye. Mun ji ana dariya a kasuwa, wai mutanen Ɗan Gulbi sun tuna da sunan garinsu. Gaskiya ne Gulbin Kaba kwari ne na kaba da goriba, mu ma amalanke munka gada, ba jirgi ba. Amma damanar 2024 ta canza magana. A shekarar nan ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta taɓa fiye da miliyan ɗaya da rabi, jiharmu ta Maraɗi kuwa tana cikin waɗanda sunka fi jin jiki. Cikin watan Agusta ruwa ya yanke babbar hanya a bakin Yamai, har mutane sunka riƙa ƙetarewa cikin kwale-kwale. Komawa lakwal ma sai da gwamnati ta ɗage ta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Mu nan, in ruwa ya kwanta cikin kwari, mai naƙuda da ke ƙetare ba ta da hanyar zuwa likita sai a kan wuyan mutane. Dalilin sayen jirgi ke nan, kuma an gama wannan magana a zaman da ya wuce.

Abin da ya rage shi ne ɗauko shi. Wurin da ya fi kusa da mu inda akwai masunta da masu aikin jirgi shi ne tabkin Madarunfa, kudu da Maraɗi. Daga can sai a ratsa birni, a bi Tibiri, a kama hanyar Dakoro. Inda kwalta ta ƙare mana kuwa, kun fi mu sanin halin sauran hanyar. A cikin tafiyar nan ta yini guda ne kuɗinku za su iya salwanta, tun jirgin bai taɓa ruwanmu ba.

Waɗansu sun ce ai sai a buɗe ƙofar bayan a-kori-kura a zura shi, a ɗaure, shi ke nan. To, mu yi lissafi kamar yadda muke yi da yara a allo. Bayan Hilux mai gida ɗaya tsawonsa kamar mita 2 da ɗan kai ne. Mai gida biyu, mita ɗaya da rabi. In an sauke ƙofar baya a ƙara rabin mita. A ce jirginmu mita 6 ne. Watau fiye da rabinsa zai tsaya cikin iska, babu abin da ya tallabe shi. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse da tabarya ya san abin da zai faru: bakin ƙofar motar ya zama wurin dogara, nauyin da ke waje shina danna baya, gaban mota shina yin sama. Direba zai ji sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannunsa, a cikin rairayi kuwa wannan shi ne mafarin kifewa. Kuma duk ramin da anka faɗa, cikin jirgin ne ke shan dukan a wuri ɗaya. Jirgi an yi shi ne ruwa shi tallabe shi tun daga kai har wutsiya. Bai saba da a riƙe shi a ƙugu ba.

Samarinmu sun nuna mana a waya yadda Turawan Amurka da Faransa ke ɗora jiragensu na yawon shan iska bisa mota, mutum guda da igiya biyu. Waɗancan na roba ne, galibi ba su fi kilo 20 ko 30 ba. Namu na katako ne da ƙusa, sai ƙarti shida ko takwas sun kama. Abu guda dai za mu ɗauka daga gare su, shi ne kifa shi.

Ga yadda muke ba da shawara. A nemi mota mai gida ɗaya, wadda maƙeri ya yi wa ƙarafa a baya, irin ta masu zuwa kasuwar ƙauye. A gitta itace biyu masu ƙarfi bisa ƙarafan, ɗaya dab da bayan gidan direba, ɗaya can ƙarshen mota, tsayinsu shi ɗara rufin kaɗan. A naɗe su da tsofaffin buhuna ko a shimfiɗa tsohuwar taya. Sa'an nan a kife jirgin a kansu, bakinsa ƙasa, kansa shi bi ta saman gidan direba. Motar da kanta ta fi mita 5, saboda haka jirgi mai mita 6 ɗan kaɗan ne zai leƙo baya. Kifewar tana da amfani biyu: gefen bakin jirgi ya fi cikinsa ƙarfi, kuma in hadari ya tarar da ku a hanya ba zai tara ruwa ba. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Jirgin da ke kallon sama ya cika ko da rabi ne, motar ba za ta kai gida ba.

Wajen ɗauri ne muka fi tsoro, domin nan ne kowa ke ganin ya iya. Robar tayar da muke ɗaure buhun hatsi da ita bisa babur ba ta yin wannan aiki, tana miƙewa, jirgi shi riƙa tsalle. Igiya ake so mai kauri, sabuwa. A ɗaure ta wuri huɗu: biyu a gicciye daidai inda itatuwan suke, kowace ta zagaya ta kama ƙarfen mota, ba itacen kaɗai ba, ɗaya daga kan jirgi zuwa ƙarfen da ke ƙarƙashin gaban mota, ɗaya daga wutsiya zuwa ƙarƙashin baya. Ta gaban nan ita ce mai hana iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi in babbar mota ta gitta ku, ta bayan kuma ita ke riƙe shi in an taka birki da ƙarfi. Inda igiya ta haɗu da kaifin katako a sa tsumma. Kada kuma a ja ta har katako shi yi ƙara. In an gama, mutum biyu su girgiza jirgin. In motar ce duka ta motsa tare da shi, ɗauri ya yi. A tsaya a sake duba igiyoyin kafin shiga Maraɗi, a sake bayan Tibiri, a sake a inda za a bar kwalta.

A ɗaura jan ƙyalle a wutsiya. Dokar hanya ta Faransa ta ce kaya kada su wuce gaban mota, kada su fi mita 3 a baya, in sun fi mita guda a sa musu alama. Mu riƙe wannan ma'auni, ba don jandarma kaɗai ba, don ɗan kabu-kabun da ke biye da ku ne.

Akwai wata magana da za ta ɓata wa waɗansu rai, amma tilas mu faɗe ta. Motar nan ba za ta ɗauko kowa ba, ban da direba da yaronsa da wakilan kwamiti biyu. Mun san hali: da an ji mota za ta gida, wannan shi kawo buhun siminti, wancan shi kawo kwanon rufi, waccan ta ce a rage mata hanya. Nauyi ya riga ya hau sama, motar ta zama mai sauƙin kifewa. A tafi a hankali, a lura da wayoyin lantarki cikin birni da rassan gawo da aduwa a daji.

Rana ma abokiyar gaba ce. Katakon da ya saba da ruwa in ya bushe shina tsukewa, toshin da anka yi tsakanin allo da allo shi saki. A ɗora shi da maraice, a tashi da asuba, a rufe bayansa da jiƙaƙƙun buhuna. In ya iso, a nutsa shi cikin tabki kwana biyu katako shi kumbura, kana a kwashe ruwan a duba inda ke yoyo. Kada yara su hau shi kafin nan.

In kuwa wakilanmu sunka tarar jirgin da ya dace ya fi mita 7, ra'ayinmu shi ne kada a ɗora shi a a-kori-kura ko kaɗan. Gara a sawo katako da ƙusa, a ɗauko kafintan da kansa shi harhaɗa shi a nan. Ko da wanne anka yi, muna roƙon dattawa su yarda a zo da masunci guda daga Madarunfa shi yi wata ɗaya da mu, shi koya wa samari huɗu tuƙi, shi kuma faɗa mana mutum nawa jirgin ke ɗauka, a rubuta adadin a jikinsa da fenti.

Kuɗin gazuwal da igiya da aikin maƙeri da abincin masuncin ba su cikin lissafin farko. Ma'aji zai aika wa kowane reshe da nasa kaso, a biya kafin ruwan shuka. Mai ƙarin shawara shi rubuto ta hannun sakatare.