Kayan Wanka Da Na Shafa Ga Yara: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

 

Maganar da na zo da ita yau, mai yiwuwa waɗansunku su ce ta cikin gida ce, ta mata da ungozomomi, ba ta fada ba. Haka ta ke a fili. Amma sabulun da uwa za ta yi wa jinjiri wanka da shi, da man da za ta shafa masa, a kasuwannin ƙasarku a ke sayar da su, maigida kuwa shi ya ke ba da kuɗin. In abin ya ɓaci, ƙofar mai unguwa a kan fara zuwa, daga nan sai dagaci, daga dagaci sai ku.

Mutane sun rabu biyu a kan wannan batu. Waɗansu sun ce duk abin da muka gada, watau man kaɗanya da man alayyadi da sabulun salo da kwalli da lalle, shi ne lafiya, tun da da tsohuwar zuma a kan yi magani. Waɗansu kuwa sun ce a bar kayan ƙauye, a sayi na kanti, mai kwalba da takarda da hoton jariri yana dariya. Ni a ganina, duka biyun sun saki hanya. Fatar yaro ba ta tambayar inda abu ya fito. Abin da ke cikinsa shi ta ke sha.

Ku fara sanin wannan. Fatar jinjiri ba ta kai ta babban mutum kauri ba, sa'an nan in an gwada faɗin fatarsa da nauyin jikinsa, nasa rabon ya fi na babba nesa. Saboda haka abin da za a shafa wa uwa ya tsaya a bisa, in an shafa wa ɗanta sai wani kaso ya ratsa ya shiga jini, hantarsa da ƙodarsa kuwa ba su yi ƙwarin fitar da shi ba tukuna. Kuma yaro yana tsotson hannu, yana murza ido. Duk abin da ya hau jikinsa, a ɗauka ya kusa shiga bakinsa.

To, bari in fara da namu na gida, in kuwa yabe shi inda ya cancanta. Man kaɗanya mai tsabta, wanda ba a gauraya shi da kome ba, ban san abin da ya fi shi ga fatar yaro da hunturu ba. Yana hana kaushi da tsagewar leɓe da faso, ga araha, ga shi matan ƙasarmu ke yinsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a ajiye shi a rufe, in ya soma wari a zubar. Sabulun salo kuwa da toka da mai a ke dafa shi, kowace mai dafawa da nata awon. Wani ya kan fito da sanyi, wani da kaifin da zai sa fatar babba ma ta yi fari ta bushe. Yaron da ya tasa ba laifi a yi masa wanka da mai sanyin, a ɗauraye sosai. Jinjirin da bai yi arba'in ba kuwa, ruwa mai ɗumi da tattausan tsumma sun kusa ishe shi. Soson nan mai kaushi da a ke dirje jarirai da shi ranar haihuwa, a bar shi. Farin maiƙon da a ke haihuwar yaro da shi ba ƙazanta ba ne, kariya ce Allah ya yi masa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko har awa 24, don kada sanyi ya kama shi.

Yanzu ga inda na ke roƙon ku kasa kunne, watau kwalli. Babu gidan da ba a san tandun kwalli ba, kaka kuwa ba ta ganin jika ya yi kyau ranar suna sai an ranbaɗa masa. Amma dutsen nan mai ƙyalli da a ke niƙawa, galibinsa dutsen dalma ne. A shekarar 2011 likitocin birnin Boston ta Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri, iyayensa mutanen Nijeriya. Da aka bi sawu, sai aka tarar kwallin da aka sayo daga nan gida ne a ke sa masa. Aka auna shi, aka ga fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga. Mu kuwa ba baƙin dalma ba ne. A 2010 ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda a ke niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Waccan ta zo da yawa, ta yi kisa a fili, kowa ya gani. Ta kwalli kaɗan-kaɗan ta ke shiga, ba zazzaɓi, ba kuka, sai dai ta rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa. Sai ya shiga makaranta a riƙa ce masa daƙiƙi, malami yana duka, uba yana faɗa, ba wanda zai tuna da tandu. Masana sun ce babu wani awo na dalma da za a ce ba ya cutar da yaro. Don haka maganata a nan ba ta da kwana, kada a sa wa yaro kwallin dutse.

Lalle shi ma a yi hattara da shi ga jarirai. Akwai yara da yawa a ƙasarmu, maza sun fi yawa, da a ke haifa da wani rauni a jini wanda likitoci ke kira G6PD. Ba a ganinsa da ido. Irin wannan yaro in lalle ya daɗe a jikinsa, ko aka sa masa tufafin da aka ajiye da ƙwayoyin kafur a akwati, sai jininsa ya riƙa narkewa, ido ya yi rawaya, shawara ta kama shi, in ta yi tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwa. Baƙin lallen kanti kuwa, wanda a ke haɗawa da rinin gashi, ya kan sale fata.

Batun cibiya ba zan tsawaita ba, don ungozomomi sun sha jinsa. Toka da kashin shanu da man goge haƙori da man zafi, babu wanda ya ke da wurin zama a kan cibiyar jariri, ta nan ciwon sarƙe-haƙora ke shiga. Akwai maganin da a ke bayarwa a asibiti don cibiya, sunansa kulohezidin. Sai dai a gaya wa mata da babbar murya cewa na cibiya ne kaɗai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi, don an sami jarirai a ƙasashen Afirka da aka ɗiga musu shi a ido bisa kuskure, waɗansu har sun makance.

Kada mai kanti ya ji wannan ya yi murna, don yanzu na iso kansa. A 1972 a ƙasar Faransa, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ya gauraya da hodar jarirai a masana'anta, jarirai 36 suka mutu. Hoda ce mai gwangwani da suna, a kanti aka saye ta. Kamfanin Johnson & Johnson, wanda hodarsa ta shiga kusan kowane gida, ya daina sayar da ta garin dutse a Amurka da Kanada a 2020, a sauran duniya kuma a 2023, bayan ƙararraki masu yawa, ko da ya ke kamfanin ya tsaya a kan cewa hodarsa ba ta da illa, ya koma yin ta da garin masara. Ko wace iri ce dai, in an bulbula ta kusa da fuskar jariri ya kan shaƙe ta, ta dame shi a huhu. Ƙurajen zafi kuwa iska da wanka da sakakkiyar riga ke maganinsu. Haka ruwan maganin nan mai ƙamshin asibiti da mata ke tsiyayawa a bahon wanka, da sabulun da aka rubuta masa mai magani, ba a yi su don wankan jariri na kullum ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne man bilicin. Da can 'yan mata ke shafawa, yanzu har an kai ga iyaye na shafa wa 'ya'yansu, wai don kada dangin miji su ce yaro ya yi baƙi. A kasuwa a ke haɗa shi, a zuba a roba ba suna ba lamba. A cikinsa a kan sami zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, da wani sinadari mai suna haidurokwinon, da magunguna masu ƙarfi na ciwon fata waɗanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta. Su waɗannan na ƙarshe su kan sa fatar yaro ta yi siriri kamar takarda, jijiya ta bayyana, rauni ya ƙi warkewa, girma ya tsaya. Zaiba kuwa ko uwa ce ke shafawa, tana isa ga ɗa ta nono da ta tawul da shimfiɗa. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya a kan zaiba a Japan a 2013, Nijeriya na ciki, hukumar NAFDAC kuma ta ayyana bilicin a matsayin babbar matsalar lafiya ta ƙasa a 2023. Amma takardar Abuja ba ta zuwa rumfar mai haɗi ranar kasuwa. Sarkin kasuwa ne ke zuwa.

Kayan kanti masu kyau suna nan, ban hana ba. Farin basilin wanda ba turare ba launi yana da amfani ƙwarai ga gindin jariri da hunturu. Sabulun jarirai marar kaifi ya fi salo mai zafi sauƙi ga yaro mai kirci. Mai saye ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da sunan wanda ya yi. Ya kuma sani kalmar nan da a ke rubutawa da Turanci cewa kayan na ganye ne zalla, kowa na iya buga ta a kwali. Ƙamshi mai yawa ma ba alamar kyau ba ne, turare na cikin abubuwan da suka fi sa yara ƙaiƙayi. In an sayo sabon abu, a shafa kaɗan a hannun yaro, a jira kwana guda a gani.

Ranku ya daɗe, abin da mu ke nema gare ku kaɗan ne. Ku tara dagatai da masu unguwa ku karanta musu wannan takarda, su kuma su kira ungozomomi da wanzamai, don su ne ke shiga ɗakin mai jego. Ku roƙi limamai su taɓo batun kwalli da bilicin a wajen raɗin suna, inda maza ke taruwa. Na san tsofaffi za su ce su ma da kwalli aka rene su, ga su nan garau. Kada a yi musu tsawa, a ba su labarin Anka, sun san shi.

Ku kuwa malamai, in sarkin kasuwa ya kawo rahoton mai haɗa man yara, ku rubuta sunan kasuwar da ranar da irin robar, ku aika wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma tare da roba guda don a auna. Haka kuma in an kawo muku labarin jaririn da idonsa ya yi rawaya cikin makon haihuwa, kada a jira suna, a kai shi asibiti ran nan, a tafi da duk abin da a ke shafa masa don likita ya gani.